Ku Gama Dariyar Tukuna, Sai Mu Ƙirga Baht

Na san halinku sarai. Da an ambaci kuɗin wata ƙasa wanda ba dala ba, ba fam ba, ba riyal ɗin Saudiyya ba, sai ku taɓe baki. Yau da baht na zo muku, kuɗin mutanen Tailan, kuma tun ban gyara zama ba ina jiyo wani daga bayan majalisa yana cewa, "Ba me? Wannan kuɗi ne ko sunan magani?" Yi dariyarka, ɗan'uwa, ba a biya mata haraji. Amma ka tuna shinkafar sallar da aka yi shekaru ana dafa maka, wadda uwargida take yabo da cewa 'yar waje ce, ba tsakuwa ko ɗaya. Da wuya in ba daga Tailan ta fito ba, ko ta tashar Legas, ko ta Kwatano ta bi daji cikin dare. Kai naira ka biya, mai shigo da ita dala ya nema, amma manomin da ya duƙa a fadamar kogin Chao Phraya ya dasa ta, baht aka ƙirga masa. Hilux ɗin nan da kake bi da kallo in ta wuce, Tailan na cikin manyan wuraren da ake ƙera ta. Ka daɗe kana yi wa baht hidima, suna ne kawai ba ka sani ba.

Bari mu ɗauko alƙalami, tunda lissafi ba ya jin kunyar kowa. A 1980 dala ɗaya wajen kwabo 55 ce, a Tailan kuwa baht 20 da 'yan kai. Wato mai naira ɗaya a aljihu ya fi mai baht 30. A 2024 dala ta haura naira 1,500, alhali a Bankok tana kai-komo a wajen baht 35. Wanda ya iya rabawa ya raba: baht ɗaya ya wuce naira 40. Wa ya kamata ya yi wa wani dariya yanzu? Na ji majalisar ta ɗan yi shiru. Madalla.

Ga Malam can yana gyara hula. "Ai kuɗin Turawa ne suka bar musu, kamar yadda aka bar mana fam da sule." Allah ya gafarta Malam, a nan kam an zame. Tailan, wadda ake kira Siyam kafin 1939, ita kaɗai ce a yankinta Turawa ba su yi wa mulkin mallaka ba. Ingila ta kama Bama da Malaya, Faransa ta kama Laos da Kambodiya da Biyetnam, Siyam ta zauna a tsakiya tana sakar musu gefen ƙasa kaɗan-kaɗan, ta tsira da sarautarta. Baht kuwa ya girmi zuwansu nesa ba kusa ba. Asalinsa ma'aunin nauyi ne, giram 15 da ɗoriya. Tun zamanin daular Sukhothai, shekaru wajen 700 ke nan, ake zuba azurfa mai wannan nauyi, a lanƙwashe ta ta dunƙule, a buga mata hatimin sarki. Su suna ce mata pod duang. Sai a 1904 Sarki Chulalongkorn ya hana ciniki da ita.

Ga kuma abin da zai sa Malam ya rage murya. Ƙaramin canjinsu a wancan zamani wuri ne. E, wurin nan dai da kakanninmu suka yi ciniki da shi a Kurmi, wanda ake ɗebowa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya. Wuri 6,400 shi ne baht ɗaya. Ashe da mu da su mun sha wahala iri ɗaya, ta a zauna a ƙasa ana ƙirga dubbai kafin a sayi abin kirki. A 1897 suka sauƙaƙa wa kansu, suka raba baht gida ɗari, kowane gida satang. Takardun kuɗi na gwamnati suka fito a 1902, babban banki ya buɗe a 1942.

Hajiya, ke ce nake so ki saurara a nan, don na ga kin fara hamma. Har gobe in kin shiga Yaowarat, layin masu gwal na Bankok, ba da giram za a yi miki ciniki ba, da baht ne. Sarƙa mai baht ɗaya, awarwaro mai baht biyu. Baht ɗaya na ɗanyen gwal giram 15.244 ne, na wanda aka ƙera kuwa 15.16, kuma gwal ɗinsu kashi 96.5 cikin ɗari ne tsantsa. Ango ma da shi yake kai dukiyar aure, a baje a faranti tare da damin takardun kuɗi, dangi suna kallo. Saboda haka in kika ji an ce wata amarya an kai mata baht goma, kada ki yi saurin tausaya mata. Ki fara tambaya na takarda ne ko na wuya.

Yanzu ga babban mai gardama ya miƙe, Alhajin canji na Wapa, wanda bai yarda da kowace takarda ba sai mai hoton tsohon Ba'amurken nan. "Kai marubuci, kada ka raina mana hankali. Ba wannan kuɗin ne ya taɓa zubewa ƙasa warwas ba?" Shi ne, ranka ya daɗe. Ka fi kowa gaskiya a majalisar nan, kuma tunda ka taɓo wurin, sai mu zauna a kai.

Daga 1984 babban bankin Tailan ya ɗaure baht, ya riƙe shi a wajen 25 kan dala ɗaya, shekara da shekaru ba ya motsi. Tattalin arziki yana ta bunƙasa, wajen kashi 9 cikin ɗari a shekara, har ana cewa ga sabuwar damisar Asiya ta taso. A 1993 gwamnati ta buɗe wata ƙofa ta musamman a Bankok don bankuna su riƙa ranto kuɗin waje cikin sauƙi. Ka sa kanka a matsayin ɗan kasuwar can, Alhaji. Ruwan bashin dala kaɗan ne, na baht mai yawa, canji kuma an yi maka alkawarin ba zai motsa ba. Me za ka yi? Abin da za ka yi shi suka yi. Suka ranto dala ta ɗan gajeren lokaci, suka zuba a gine-ginen da sai an yi shekaru kafin su kawo ko sisi: benaye, rukunin gidaje, filayen wasan golf. Kowa ya zama mai harkar filaye. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

A 1995 dala ta fara tashi a kan kuɗin Japan, ta ja baht sama da ita tunda a ɗaure suke, kayan Tailan suka yi tsada a kasuwar duniya, ga Sin ta shigo da nata masu araha. A 1996 fitar da kaya ta tsaya cik, giɓin cinikin waje ya kai wajen kashi 8 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa. Manyan 'yan caca da kuɗi na duniya suka shinshino. Dabararsu ba ta da wuya: su ranci baht, su sayar wa babban banki a 25 su karɓi dala, su jira. In baht ya faɗi, su sayo shi da araha su biya bashi, ragowar tasu ce. In bai faɗi ba, asararsu kaɗan ce. A watan Mayun 1997 suka yi masa taron dangi. Babban banki ya tsaya kai da fata, ya ƙulla alkawuran sayar da dala nan gaba na fiye da biliyan 23, ba tare da jama'a sun sani ba. A takarda asusun ajiya cike yake, a zahiri kusan duk an riga an yi alkawarinsa.

Ranar 30 ga Yuni firaminista Chavalit Yongchaiyudh ya fito ya tabbatar wa 'yan ƙasa ba za a karya darajar baht ba. Ranar 2 ga Yuli aka sake shi. Kwana biyu, Alhaji. Na ga kana murmushi, don kai ma ka san duk ranar da hukuma ta rantse kuɗi ba zai faɗi ba, ranar ce layi yake tsawo a ƙofar shagonka.

Zuwa Janairun 1998 dala ta kai baht 56. Kamfanin da ake bi dala miliyan ɗaya, jiya bashinsa baht miliyan 25, yau miliyan 56, bai ƙara rantar ko kwabo ba. Kamfanonin ba da rance 58 aka dakatar, aka rufe 56 daga cikinsu har abada. Chavalit ya sauka a Nuwamban 1997. A Bankok aka buɗe kasuwar ƙarshen mako inda attajiran jiya suke kawo Marsandi da agoguna suna neman mai saye. Wani shahararren dillalin hannun jari, Sirivat Voravetvuthikun, ya rataya akwati a wuya yana tallar burodi mai haɗi a bakin titi. Akwai wani bene mai kusan hawa hamsin kusa da kogi, Sathorn Unique, da aka bari ba a ƙarasa ba, ya zama kango a tsakiyar birni. Kuma abin da ya ci Doma bai bar Awe ba: kuɗin Indunusiya ya tashi daga wajen 2,400 kan dala ya wuce 16,000, shugabanta Suharto ya faɗi a Mayun 1998 bayan fiye da shekara talatin a kan mulki, Koriya ta Kudu ta miƙa ƙoƙon bara, Mahathir na Malesiya ya yi ta zagin George Soros, ɗaya daga cikin manyan 'yan caca da kuɗin nan. Mutanen Tailan, da yake ba su rasa barkwanci, rikicin da sunan miyarsu ta jatan lande mai yaji da tsami ake kiransa, tom yam kung.

Asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya haɗo musu dala biliyan 17.2 a watan Agustan 1997, da sharuɗɗan da duk wanda ya ga zamanin SAP a Najeriya zai iya karantowa da ka: a ƙara haraji, a tsuke kashe kuɗi, a ɗaga ruwan bashi. Harajin kayan masarufi ya tashi daga kashi 7 zuwa 10. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

To, Alhaji, ka kawo labarin don ka kashe bakina, amma rabinsa ka sani. Wani tsohon malamin addinin Buddha mai zaman daji, Luang Ta Maha Bua, ya tashi yana zaga ƙasa yana karɓar gudunmawa, mata suna ciro sarƙa da 'yan kunne. A tsawon shekaru ya tara gwal fiye da tan 12, ya miƙa wa babban banki. Kada ku tambaye ni abin da zai faru da tan 12 na gwal in a wani wuri aka tara shi, ban ce komai ba. A 2003 gwamnatin Thaksin Shinawatra ta gama biyan IMF, shekara biyu kafin wa'adi. Babban banki ya daina rantsuwa a kan farashin dala, tun daga 2000 ya koma tsaron hauhawar farashin kaya. Ya kuma kama tara ajiyar kuɗin waje irin ta wanda ya taɓa kwana da yunwa, har ta wuce dala biliyan 200.

Amma ba gwal ɗin malamin ne ya tashe su ba, ba kuma wayon ma'aikatan banki kaɗai ba. Da baht ya faɗi, duk abin da Tailan ke sayarwa ya yi araha ga mai dala, kuma tana da abin sayarwa. Ita ce kan gaba a duniya wajen ɗanyen roba. Ta yi wajen shekara talatin tana kan gaba wajen fitar da shinkafa. Kifin gwangwani, kaji, rogo, sukari, motoci, kayan cikin kwamfuta. Lokacin da ambaliyar 2011 ta shanye masana'antunta sai da farashin ma'ajiyar bayanan kwamfuta ya tashi a duk duniya. Ga baƙi masu yawon buɗe ido, kusan miliyan 40 a 2019, kowannensu yana sauka da kuɗin ƙasarsa yana neman baht. Ga marasa lafiya daga ƙasashen Larabawa suna cika asibitocin Bankok. Faɗuwar kuɗi tana yi wa mai kaya a rumbu rana, don masu saye za su yi masa layi. Mu an karya naira a 1986, an kuma a 2016, an sake a 2023, kowane karo ana ce mana za ta jawo masu saye. Su sayi me? Ɗanyen man da dama da dala ake cinikinsa?

Ina jin wani ɗan boko yana cewa, "Ai su suna da kwanciyar hankalin siyasa." Kai, yaro, ina ka yi karatu? Tun daga 1932, lokacin da aka kawo ƙarshen mulkin sarki mai cikakken iko, sojojin Tailan sun yi juyin mulkin da ya yi nasara fiye da sau goma. Sun kifar da Thaksin a 2006, sun kifar da gwamnatin ƙanwarsa Yingluck a 2014, Janar Prayut Chan-o-cha ya hau. Masu jar riga da masu rawayar riga sun yi ta mamaye tituna, a 2008 har filayen jirgin saman Bankok aka rufe. A wannan fanni ko mu sai dai mu sara musu. Duk da haka, tun daga 2007 dala ba ta fita daga tsakanin baht 28 da 39 ba. Janar ya zo, janar ya tafi, masana'anta ba ta daina aiki ba, jirgin ruwa bai daina lodi ba.

'Yan'uwana na Maraɗi da Damagaram, na ga kuna ƙunshe dariya, wai ku sefarku ba ta san wannan rawar ba. Haka ne, a ɗaure take da yuro. Amma ku tambayi dattawanku abin da ya faru a Janairun 1994, da aka kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, aka tashi yana 100. Ɗaurarren kuɗi lafiya lau yake har ranar da igiya ta tsinke, kuma ba a yi wa talaka shela kafin ranar.

Kada kuma ku ɗauka na zo yi wa Tailan kirari ne, don na ga wasu har sun fara tambayar kuɗin biza. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, kukan da aka sha yi a can daga baya ba na faɗuwar baht ba ne, na ƙarfinsa ne. A Disambar 2006 babban banki ya ga dala tana kwararowa tana tura baht sama, sai ya ce duk kuɗin waje na ɗan gajeren zama a riƙe kashi 30 cikin ɗari nasa. Washegari kasuwar hannun jari ta zube da wajen kashi 15 a yini ɗaya, ba shiri aka sassauta dokar. A 2019 baht ya kai wajen 30 kan dala, masu fitar da kaya da masu otal suka yi ta kururuwa cewa Biyetnam da Indiya suna kwashe musu ciniki. Ku da kuke addu'ar kuɗinku ya yi ƙarfi, ga masu addu'ar nasu ya ɗan yi laushi.

Shinkafar ma sun taɓa yi mata aika-aika da hannunsu. A 2011 gwamnatin Yingluck ta ce za ta sayi shanshera daga manoma a baht 15,000 kan tan, sama da farashin kasuwa nesa, ta ɓoye a rumbuna har duniya ta matsu farashi ya tashi. Indiya ta buɗe nata rumbunan, ta karɓe kambun a 2012, shinkafar Tailan ta yi ta ruɓewa a ajiye. A 2017 kotu ta yanke wa Yingluck shekara biyar a bayan idonta, ta riga ta bar ƙasar. Ka ga ke nan ba mu kaɗai muka iya shirin gwamnati mai cin kuɗi ba.

Talakansu kuma talaka ne. Lokacin da aka daidaita mafi ƙarancin lada a duk ƙasar a 2013, baht 300 ne a yini, wajen dala goma. Bashin da ke kan magidanta ya kai kusan kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. Mota bashi, babur bashi, taki bashi. 'Yan yankin Isan na arewa maso gabas suna cika Bankok ci-rani, suna tuƙa tasi suna aika kuɗi gida. Sai dai akwai abu ɗaya da nake jin kishinsa, ba zan ɓoye ba. Tun 2002 ɗan ƙasa yana iya shiga asibitin gwamnati a duba shi a kan baht 30, abin da bai kai dala ɗaya ba. Wanda ya taɓa sayar da akuya ko gona don kuɗin tiyata ya san nauyin wannan magana, ba sai na ƙara gishiri ba.

Saura gargaɗi ga wanda ya ƙudura sai ya je ya gani da idonsa, ko sarin kaya a kasuwar Pratunam ko ganin likita. Takardun ba su da wuyar ganewa: 20 kore, 50 shuɗi, 100 ja, 500 ruwan makuba, 1,000 ruwan ƙasa. Kowacce da hoton sarki a gabanta. Shekara saba'in hoton Sarki Bhumibol ne, wanda ya yi mulki daga 1946 zuwa 2016. Daga 2018 aka fara fito da na ɗansa Vajiralongkorn. A al'adarsu kai ne mafi daraja a jiki, ƙafa ce mafi ƙasƙanci, kuma sashe na 112 na dokar laifuffukansu ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki. To, sai iska ta fizge maka takardar baht ɗari a bakin titi. Me ƙafarka ta saba yi? Ka ja mata kunne tun daga filin jirgi. Duƙawa ake yi a ɗauka da hannu, ko da kuwa sai an yi ɗan gudu.

Ku kuma gwanayen liƙi, masu zuba sababbin takardu a goshin mawaƙi ana rawa ana tattakewa, ku ma dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana, kun dai mai da ita abin wasa har aka yi ta kama mutane a 2024. In abokin cinikinku na Bankok ya gayyace ku bikin 'yarsa, a ambulan ake sa gudunmawa, a miƙa da ladabi, a nemi kujera a zauna. Wanda ya san in kiɗa ya yi daɗi hannunsa ba ya jin magana, ya bar wa matarsa jakar kuɗin ta riƙe.